Arinze Ifeakandu da matsalar zaɓen kalma wajen fassara

A wannan taƙaitaccen bayani za mu duba aikin Arinze Ifeakandu, marubucin da aka haifa a Kano a 1995. Littafinsa mai gajerun labarai tara, God's Children Are Little Broken Things, ya fito a 2022, ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023. Jigonsa soyayya tsakanin maza ne, a Najeriya inda dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya. Da Ingilishi ya rubuta shi.

Abin da ya shafe mu shi ne fassara: da wace kalma za mu kira taurarinsa da Hausa? «Luwaɗi» tana ɗauke da hukuncin shari'a. «Ɗan daudu» kuwa matsayi ne cikin al'umma: magana irin ta mata, sayar da abinci, kusanci da bori. A 2009 Rudolf Gaudio ya rawaito «masu harka» daga bakin mutanen kansu a Kano. Saboda haka, duk kalmar da mai fassara ya zaɓa, ya riga mai karatu yanke wa labarin hukunci.