Na'urar Sanyaya Ɗaki Tana Aiki Amma Ba Sanyi: Darasi Daga Nima da Maamobi

1.0 Gabatarwa

Nima da Maamobi unguwanni ne maƙwabtan juna a birnin Akara na ƙasar Gana, birnin da fataken Hausawa suka fi sani da Ankara. Suna cikin unguwannin da ake kira zango, inda Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin ƙabilu da dama. Gidajensu a cunkushe suke, lungunansu ƙanana, akasarin rufinsu na kwano. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana kan haura digiri 30, ga kuma danshin teku da ke hana gumi bushewa. Saboda haka mai hali kan sayi na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake ce wa iyakwandishan. Wannan takarda za ta yi bayani a kan matsalar da aka fi kuka da ita, wato na'ura tana ruri, mita tana cin kuɗi, amma ɗaki yana nan da zafinsa.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne kwashe zafi daga ɗaki ta zubar a waje. Tana da ɓangare biyu: na ciki, da ke manne a bango, da na waje, mai ɗauke da kwamfireso da fanka. Bututun jan ƙarfe guda biyu ne suka haɗa su, gas yana zagayawa a cikinsu. A ɓangaren ciki gas ɗin kan tsotse zafin iskar ɗaki. Kwamfireso ya matsa shi ya tura shi waje, fanka ta hure zafin, sannan ya sake komowa. Ke nan, idan na'ura tana aiki ba sanyi, to an tare wa zafi hanya a wani wuri. Aikin mai bincike shi ne ya gano wurin, ya kuma fara da abin da ba ya cin ko sisi.

3.0 Abubuwan da Mai Gida Zai Duba da Kansa

Na farko, rimot. Sau da yawa yaro ne ya danna, na'ura ta koma kan fanka zalla. Alamar ƙwayar ƙanƙara ita ce ta sanyi, alamar ɗigon ruwa ta rage danshi ce. Sai a mayar da ita kan sanyi, a sa lamba 24, a jira minti goma.

Na biyu, matata. Idan aka ɗaga murfin ɓangaren ciki za a ga raga mai tace ƙura. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar Sahara kan iso har Akara, ga hayaƙin gawayi da na motoci. Ragar kan toshe, iska ta kasa wucewa, har ƙanƙara ta daskare a cikin na'urar. Maganinta ruwa ne kawai: a zare, a wanke, a shanya a inuwa, a mayar. Lokacin ƙura ya kamata a yi haka duk mako biyu.

Na uku, ɓangaren waje. A nan ne ƙuncin zango yake shigowa. Akan kafa shi a lungu yana fuskantar bangon maƙwabci, ko a sa masa keji mai rufi don gudun ɓarayi, ko a shanya masa kaya. Zafin da ya fitar sai ya doki bango ya dawo masa. Kwamfireso ya ɗauki zafi ya tsaya don kare kansa, fankar ciki kuwa ta ci gaba da hura iska mara sanyi. Dole a ba shi sarari, a kuma kashe wuta a share ƙurar da ta toshe haƙarƙarinsa.

Na huɗu, ɗakin kansa. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya ba za ta iya da babban falo mai rufin kwano ba silin ba, balle idan tagogi ba sa rufuwa sosai.

4.0 Matsalar Wuta

Mutanen Gana ba su manta da dumsor ba, wato ɗauke wuta da kawo ta da aka sha fama da shi daga 2012 zuwa 2016, wanda ya fi tsanani a 2015. Kalmar daga harshen Twi take: dum, kashewa, sɔ, kunnawa. An ƙera na'urorin ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan wuta ta yi rauni, fanka za ta juya, amma kwamfireso sai ya yi gurnani ya kasa tashi. Irin wannan alamar ce kuma ake gani idan kafasita ta mutu, wato ƙaramin gwangwanin da ke ba kwamfireso ƙarfin tashi. Canza ta ba tsada, amma aikin mai gyara ne, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe soket. Haka nan kuma, in an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti 3 kafin a kunna.

5.0 "Gas Ya Ƙare"

Wannan ita ce maganar da aka fi ji daga bakin masu gyara, ita ce kuma ta fi cin kuɗin jama'a. Gas ɗin na'ura ba kamar na girki ba ne. Ba ya ƙonewa, zagaye kawai yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai yoyo. Alamominsa su ne ƙanƙara a kan siririn bututu, da danshin mai a mahaɗa. Mai gyara na ƙwarai yakan shafa ruwan sabulu ya ga inda kumfa ke tashi, ya toshe, sannan ya ƙara gas. Wanda ya ƙara bai toshe ba, ɗibar ruwa da kwando ya yi: bayan 'yan makonni za a sake kiransa, daga ƙarshe kwamfireso ya ƙone.

Bugu da ƙari, gas iri-iri ne. Tsofaffin na'urori suna amfani da R-22, wanda ake janye shi a duniya bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1987 domin yana lalata lemar ozon. Sababbi suna amfani da R-410A ko R-32. Ba a gauraya su. Irin da ya dace yana rubuce a jikin ɓangaren waje. Tun 2008 Gana ta kafa dokar hana shigo da na'urorin sanyaya ɗaki na hannu, sababbi kuwa suna zuwa da takardar taurari ta Hukumar Makamashi: yawan taurari, ƙarancin cin wuta.

6.0 Kammalawa

Tsarin binciken ke nan: rimot, matata, ɓangaren waje, ɗaki, wuta, sannan gas. Huɗun farko na mai gida ne, biyun ƙarshe na mai gyara. Idan an bi duka ba a dace ba, sai a kashe na'urar, domin barin ta tana ruri asara biyu ce: kuɗin mita yau, kuɗin kwamfireso gobe.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ce na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi?
2. Ta yaya ƙuncin lungu yake hana ɗaki yin sanyi?
3. Mene ne ma'anar "ɗibar ruwa da kwando" a sashe na 5.0?