Wa Za A Tuhuma Idan Shari'ar Ɗan Bindiga Ta Mutu A Hanya?

A ranar 28 ga Yunin 2022 tsohon Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga, masu garkuwa da mutane, ɓarayin shanu da masu tsegunta musu labari. Shekara uku bayan haka, a Yulin 2025, aka kashe mutane fiye da 30 'yan ƙauyen Banga da ke ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, bayan danginsu sun biya kuɗin fansa. Doka tana nan a takarda. Amma shiga kasuwar Shinkafi ka ce a ambata maka mutum guda da aka yanke wa hukunci da ita, ka ga yadda za a dube ka.

Shi ya sa ban ga laifin masu cewa a yi dokar da za ta kama mai gabatar da ƙara ko alƙalin da ya ƙi zartar da doka, ya biya diyya daga aljihunsa ko ya sha ɗauri ba. A jihar nan ce fa aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Maris ɗin 2000 saboda satar saniya. Ra'ayin ma ba baƙo ba ne. Malaman fiƙihu sun bambanta alƙalin da ya yi kuskure da wanda ya yi zalunci da gangan. Na biyun shi ke ɗaukar ramuwa daga dukiyarsa. A Jamus, murɗe shari'a da gangan laifi ne mai ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar.

Sai dai ina tsoron mu bar jaki muna dukan taiki. Alƙali ba ya farautar masu laifi. Abin da aka kawo gabansa yake dubawa. Idan ɗan sanda ya kawo takardun bincike babu shaida, shaidun kuma suka ƙi zuwa domin gonakinsu suna bakin dajin da yaran Bello Turji ke yawo, me alƙali zai yi? Ka ɗora masa tsoron tara a kan tsoron bindiga, ɗayan biyu za a samu: ko ya nemi canjin wurin aiki, ko ya riƙa ɗaure duk wanda aka kawo masa don ya tsira da kansa. Makiyayin da bai ji ba bai gani ba shi zai fara shan wannan ukuba. Irin wannan dalili ne ya sa Kotun Ƙoli, a shari'ar Egbe da Adefarasin ta 1985, ta tabbatar da kariyar alƙali daga ƙarar diyya kan aikin da ya yi a kujerarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne gabanin kotu. Sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Babban Lauyan Jiha ikon shigar da ƙara, karɓe ta, ko janye ta, kuma tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tambayarsa dalili. Shi kuwa kwamishina ne, gwamna ke naɗa shi. A Afrilun 2022 gwamnati ta tuɓe Sarkin Zurmi Atiku Abubakar bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Tuɓewa ba hukuncin kotu ba ce. Ba ta tabbatar da laifi, ba ta wanke mutum. Kai irin wannan zargi gaban shari'a ko barin sa, shawara ce da ake yankewa a ofis a Gusau, ba a zauren alƙali ba.

Majalisar Dokokin Jiha ba za ta iya taɓa sashe na 211 ba, amma tana da ikon bincike. Ta buƙaci Ma'aikatar Shari'a ta kawo mata lissafi duk shekara: ƙararraki nawa aka shigar da dokar 2022, nawa aka janye, da sa hannun wa. Jami'in da aka tabbatar ya karɓi kuɗi ya saki wanda ake zargi, ko ya ɓatar da takardun ƙara, a gurfanar da shi da sunansa, kuma iyalan waɗanda aka kashe, irin na Banga, su sami damar neman diyya daga gare shi.