Amfibiyos: Kalmar da ba ta tsaya kan kwaɗo ba

Ɗalibanmu kan haddace kalmar "amfibiyan" domin jarrabawa, amma da wuya a gaya musu inda ta samo asali. Daga tsohon Girkanci ta fito, wato "amfibiyos". Gaɓa biyu aka haɗa: "amfi", ma'ana ta ɓangarori biyu, da "biyos", ma'ana rayuwa. Saboda haka fassararta ita ce mai rayuwa biyu.

Girkawan dā ba su keɓe kalmar ga kwaɗo kaɗai ba. Duk dabbar da ke zama a ruwa da tudu, kamar kada da dorina, tana iya shiga ƙarƙashinta. Hatta Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, da ya tsara jinsunan dabbobi a 1758, ya haɗa kwaɗi da macizai da ƙadangaru a rukunin da ya kira Amfibiya. Sai daga baya masana suka taƙaita sunan ga kwaɗo da danginsa, waɗanda galibinsu ke fara rayuwa cikin ruwa, kamar talibambam, kafin su hau tudu suna shaƙar iska.

Sai dai amfani mafi zurfi da aka yi da kalmar ba a fagen dabbobi yake ba. Folotinus, masanin falsafa da ya koyar a birnin Rum, ya kuma rasu a shekarar 270, ya siffanta ruhin ɗan Adam da ita. A ganinsa, ruhi na rayuwa biyu: ɗaya a duniyar hankali, ɗaya a cikin gangar jiki. Sassan littafinsa sun shiga Larabci a ƙarni na 9, a da'irar al-Kindi a Bagadaza, ko da yake an jingina su ga Aristotal.

Larabcin zamani ya ƙirƙiri "barma'i" daga "barr" da "ma'", tudu da ruwa. Kalmar Larabci ta ambaci wurare biyu, ta Girkanci kuwa rayuwa biyu. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kada na shiga ruwa ya fito bai sauya ba, amma kwaɗo sauya halitta yake yi.

Wannan darasi ne ga masu fassara kimiyya zuwa Hausa. Idan muka ari lafazin kawai, mun bar ɗalibi da hadda. Idan kuwa muka ce "masu rayuwa biyu", sunan da kansa ya fara koyar da shi tun kafin malami ya yi bayani.