Yadda hawan keke zuwa aiki ke iya zama motsa jikin mako

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya zama babban abin da ke cinye albashin ma'aikaci da ribar ɗan kasuwa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa wasu a Kano da Zariya da Katsina suka karkaɗe ƙurar kekunan da suka jima a jingine. Tsada ce ta mayar da su kan sirdi, amma akwai wata riba da ba kasafai ake lissafa ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Ma'aikacin da ke da tazarar kilomita 6 tsakanin gida da ofis, idan yana tafiyar kilomita 15 a awa, zai ɗauki minti 24. Zuwa da dawowa na kwana biyar ya kama minti 240. Ke nan ya cika abin da ake nema ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba. Wani bincike da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2017 kan mutum fiye da 260,000 a Birtaniya ya gano cewa masu zuwa aiki a keke sun fi masu shiga mota ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da kansa.

Sai dai ba kowane juya feda ne atisaye ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan mahayi na iya magana amma numfashi ba zai bar shi ya rera waƙa ba, ya kai matsakaicin da ake so. Garuruwa irin Kano shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa da gangara da za su tilasta wa zuciya aiki, don haka mutum ne zai ƙirƙiro wa kansa wahalar. Dabarar da ta fi dacewa da ma'aikaci ita ce ya tafi a hankali da safe, kada ya isa ofis kaftani sharkaf da gumi, ya bar ƙoƙarin sai dawowa. A nan zai iya ƙara gudu na minti biyu, ya sassauta na minti biyu, ya maimaita sau huɗu ko biyar a inda titi ya yi sarari. Kwana biyu a mako sun isa. Sirdi ma a ɗaga shi har gwiwa ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, domin gajeren sirdi na yawan jawo ciwon gwiwa.

Yanayi na da nasa sharaɗin. A bazara zafi kan wuce digiri 40, sai a sammako, a riƙe gorar ruwa, a guji tsakar rana, musamman ga mai azumi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita kafin ya soma gudu mai tsanani.

Babbar matsalar ita ce titin kansa. Yawancin hanyoyinmu ba su da layin masu keke, ga A Daidaita Sahu na tsayawa ba sigina, ga shataletale da kowa ke kutsawa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ke tallata hawan keke, wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar aiki. Saboda haka lafiyayyen birki da fitila gaba da baya da hular kwano sun fi sabon fenti muhimmanci, kuma sau da yawa layin cikin unguwa, ko da ya ƙara nisa, ya fi babban titi aminci.