Ciwon Zuciyar Masu Jego da Binciken da Ya Shiga Cikin Tsoka

Zuciya tsoka ce, kuma an gina ta da ƙwayoyin halitta, wato ƙananan ɗakunan rai waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, waɗanda ke jan juna duk lokacin da sinadarin kalsiyam ya shigo, sai ƙwayar ta tsuke, kuma tsukewar miliyoyinsu a tare ita ce bugun da ke faruwa kusan sau 100,000 a rana. Idan ƙwayoyin suka raunana, zuciya takan buɗe ta yi laushi, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Wannan ne ke samun wasu mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Nijeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya.

A wannan yanki, a Zariya aka fara nazarinsa sosai, inda likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Eldryd Parry da Neil Davidson, suka wallafa bayanin mata 224 a 1978. Sun ɗora zargi kan al'adun jego, musamman wankan tafasasshen ruwa na kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, domin gishirin da ke cikin kanwa yana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta ƙara ɗaukar nauyi. A 2007 wani bincike a Sakkwato ya samu ciwon a haihuwa ɗaya cikin 102.

Wanda ya sake buɗe maganar shi ne Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci tattara bayanan marasa lafiya 406 daga asibitocin sassan Nijeriya, aka wallafa sakamakon a 2020. Abin da ya fito fili shi ne cewa wankan jego da kunun kanwa ba su bambanta masu ciwon da masu lafiya ba, yayin da rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki suka bayyana a matsayin abubuwan haɗari. Wannan sauyi yana da nauyi, domin ya kau da ido daga kakar da ke dafa ruwan wanka, ya mayar da shi kan abin da mace ke ci da halin da take rayuwa a ciki. Ƙaraye ya kuma bi sawun binciken da aka yi a Yamai a 1992 kan ƙarancin seleniyam, wani sinadari da jiki ke buƙatarsa ɗan kaɗan don ƙera kariyar da ke hana gurɓatattun sinadarai lalata ƙwayoyin tsoka, ya kuwa tarar da ƙarancinsa a jinin masu ciwon a Kano. Irin wannan ƙarancin ne ya haifar da ciwon zuciya na Keshan a ƙasar Sin.

Daga Jamus kuma, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a 2007 cewa idan waccan kariya ta gaza, furolaktin, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono, yakan tsage ya bar guntun da ke lalata ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da tsokar zuciya. Daga nan aka fara gwada maganin buromokiriftin mai dakatar da furolaktin, sai dai yana ƙafar da nono, kuma a ƙauyen da nonon uwa shi ne abincin jariri kaɗai, wannan hukunci ne da likita ba zai yanke shi da gaggawa ba.

Ga gari irin Wasagu, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, amfanin duk wannan aiki ya rataya ne a kan gane ciwon da wuri, tunda tabbatar da shi yana buƙatar hoton zuciya na eko, wanda galibi sai a manyan asibitoci irin na Birnin Kebbi da Sakkwato ake samu, alhali tafiyar doguwa ce ga mai jego. Haki bayan ɗan aiki, da kasa barci a kwance, da tarin dare, da kumburin ƙafa da ya ƙi saɓewa bayan haihuwa, alamu ne da bai kamata ungozoma ko miji su ɗauke su a matsayin gajiyar jego ba. Da yawa daga cikin matan da suka fara magani da wuri zuciyarsu takan farfaɗo, amma wadda tata ba ta gama dawowa daidai ba tana cikin babban haɗari idan ta sake ɗaukar ciki, saboda haka likitoci ke neman a sake hoton zuciyar kafin a yi maganar wata haihuwa.