Aikin hutun bazara a Amurka: ƙuri'a ce ke raba gurbi, kasafi ne ke yanke yawansa

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da birnin New York, magajin garin na wancan lokaci, Bill de Blasio, ya soke shirin samar wa matasa aiki a hutun bazara domin rage kashe kuɗi. Shekara guda kafin nan, matasa kusan 75,000 ne suka ci gajiyarsa. Sai da matasan da ƙungiyoyin unguwanni suka tayar da jijiyar wuya kafin aka maido da gurabe 35,000, galibi na horo ta intanet.

Shirin, wanda ake kira SYEP a taƙaice, ya faro tun 1963, kuma shi ne mafi girma irinsa a ƙasar. Yana ɗaukar 'yan shekara 14 zuwa 24 aiki na mako shida a ofisoshin gwamnati, asibitoci, shaguna da wuraren renon yara, hukuma ce kuma ke biyan ladan. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, ƙuri'a ake yi wajen cike mafi yawansu. Babu takardar wani babba, babu ɗan lele.

Wannan ƙuri'a ta yi wa masu bincike rana, domin ta ba su damar kwatanta waɗanda suka dace da waɗanda suka rasa. Masana tattalin arziki uku, Gelber da Isen da Kessler, sun bi diddigin waɗanda suka nema daga 2005 zuwa 2008, suka gano cewa shiga kurkuku da mutuwa sun ragu a tsakanin waɗanda suka samu aikin. A Chicago kuwa, binciken Sara Heller da mujallar Science ta wallafa a 2014 ya nuna kamen matasa kan laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100 a tsawon wata 16, alhali aikin kansa na mako takwas ne kacal. Sai dai a faɗi gaskiya, binciken New York bai ga ƙarin samun kuɗi a shekarun da suka biyo baya ba. Ribar tana wajen tsare rai da 'yanci, ba wajen albashi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai biya. A da, gwamnatin tarayya na ware kuɗi na musamman domin aikin bazara. Dokar horar da ma'aikata ta 1998 ta rushe wannan keɓantaccen kaso, ta narkar da shi cikin shirye-shiryen matasa na duk shekara. In ban da 2009, da gwamnatin Obama ta zuba dala biliyan 1.2 a ayyukan matasa domin farfaɗo da tattalin arziki, nauyin ya koma wuyan birane da jihohi da masu ba da tallafi.

Abin da ya biyo baya ba boyayye ba ne. Birnin da ke tara haraji mai kauri yana iya buɗe gurabe, kamar yadda Eric Adams ya kai na New York 100,000 a 2022. Ƙaramin gari mai fama da talauci, inda matasa suka fi buƙatar aikin, sau da yawa ba shi da abin da zai ware. Ashe adalcin ƙuri'a bai wuce iyakar birnin da ya iya biya ba.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda duk wanda ya taɓa jiran a saki kuɗin aiki zai gane. Shekarar kuɗi ta New York tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, daidai lokacin da ya kamata matasa su kama aiki. Duk shekarar da aka ja ciniki kan adadin gurabe har ƙarshen Yuni, ƙungiyoyin da ke rarraba matasan kan rasa isasshen lokacin neman wuraren aiki masu inganci, sai a tura yaro duk inda aka samu.