Injiniyoyin da suka ƙera makaman yaƙin basasar Najeriya

A lokacin da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a shekarar 1967, gwamnatin tarayya tana da masana'antar makamai a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina ta, kuma injiniyoyinsa ne ke kula da injinan ƙera bindigogi da harsasai.

A ɓangaren Biyafara kuwa, toshe hanyoyin shigar da kaya ya tilasta wa 'yan aware dogaro da masanansu. Daga cikinsu akwai Gordian Ezekwe, malamin injiniyanci a jami'ar Nsukka, wanda ya jagoranci masu ƙera rokoki. Sashen binciken da yake ciki ne ya samar da nakiyar nan mai suna Ogbunigwe.

Bayan an gama yaƙin a 1970, Ezekwe ya shugabanci cibiyar ƙere-ƙere ta PRODA a Enugu, daga baya ya zama ministan kimiyya da fasaha a zamanin Janar Babangida.

Ita kuwa masana'antar Kaduna, ta durƙushe bayan tafiyar Jamusawan, har ta kai ga ƙera kujeru. Har yanzu Najeriya na sayo akasarin manyan makamanta ne daga ƙasashen waje.